Yadda Ake Raba Shara a Gida da Wurin Sana'a Don Ta Koma Taki

Tun kafin takin zamani ya shigo ƙasar Hausa, manoman da ke kewaye da birnin Kano suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba, kuma babban abin da ya riƙe musu ƙarfin ƙasar shi ne sharar birni. A wancan zamani, da rani jakuna kan shigo gari da itace da kara, su fita ɗauke da mangaloli cike da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, a jibge su tsibi-tsibi a gona har lokacin da za a baza kafin faɗuwar ruwa. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin wannan tsari tun daga shekarun 1960, ya kuma nuna cewa yawan jama'ar yankin bai kashe ƙasar ba saboda irin kulawar da manoma suke yi mata. Har yau akwai manoman da ke sayen shara tifa-tifa, sai dai abin da ake juye musu yanzu cike yake da leda da fasassun kwalabe da batura da ƙunzugun jarirai, sai an sa yara sun tsince kafin a baza, kuma duk tsintar da aka yi sai an bar wani abu a gona.

Sharar da gidajenmu suke fitarwa ba ta rasa amfaninta ba, gauraya ta ne ya lalata ta. Ɓawon albasa abu ne mai amfani, gorar roba ma tana da mai saye, amma da zarar an haɗa su a buhu ɗaya aka zuba musu ruwan wanke-wanke, manomi ba ya so, ɗan jari bola ba ya so, sai su ƙare a kwata ko a cikin wuta. Saboda haka aikin duka yana farawa ne daga hannun wanda ya fara yar da abu, a madafi ko a bakin shago, domin a nan ne kaɗai rabawa take da sauƙi kuma ba ta cin ko kwabo.

Rabawa tun daga madafi

A tanadi mazubi uku, ba lallai sai an sayi sabo ba. Tsohon bokitin fenti mai murfi ya isa a zuba duk abin da yake ruɓewa: ɓawon doya da dankali da ayaba da lemo, ragowar ganyen miya, ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon ƙwai, ganyen shayi da sauran irinsu. Buhun shinkafa da aka rataye a ƙusa ya isa a tara busassun kayan da ake iya sayarwa, kamar gorunan roba, gwangwanaye, fasassun robobi, kwali da ledar fiya wata. Mazubi na uku na abin da ba shi da wata makoma ne sai wurin masu kwashe shara, irin su ƙunzugun jarirai da audugar mata da ledar da ta ɓaci da miya. Bayan waɗannan a ajiye ƙaramin gwangwani mai murfi a inda hannun yara ba ya kaiwa, domin batura da ƙwan lantarki da reza da allura, waɗanda za mu dawo kansu a gaba.

Abu biyu ne suke sa wannan tsari ya ɗore. Na farko, mazuban su kasance a inda ake aikin, domin uwargida da ke yanka albasa ba za ta tashi ta zagaya bayan gida don ɓawo ɗaya ba. Na biyu, wanda yake share gidan ya fahimci dalilin rabawar. A yawancin gidaje yara ne ko 'yan aiki suke shara da kai bola, kuma idan maigida da uwargida kaɗai suka san tsarin, cikin mako guda komai zai koma buhu ɗaya. A zauna da su a nuna musu, kuma ina ganin adalci ne a bar musu kuɗin da aka samu daga sayar da gorunan da gwangwanayen, tunda su ne suke wahalar tarawa.

Kafin wani abu ya shiga bokitin ruɓewa, a fara duba ko yana da mai ci. Abincin da ya rage mai kyau haƙƙin mabuƙaci ne. Dusa da ruwan tsari da ɓawon doya na awaki da tumaki ne, tsakin hatsi da ragowar shinkafa na kaji ne. Gidan da yake da turke ya riga ya samu hanya mafi sauri ta mayar da ɓawo taki, sai dai a riƙa tara kashin a wuri guda a inuwa maimakon a bar shi a rana ko ruwan sama ya wanke shi.

Haɗa takin

A ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu rami ya fi tsibi, domin iskar hunturu da ranar bazara suna busar da tsibin da aka tara a fili kafin ya fara ruɓewa. A haƙa rami mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, zurfinsa kamar santimita 60, a ƙarƙashin inuwar bishiya in akwai. A nisanta shi daga rijiya saboda ruwan da zai riƙa tsatsafowa, a kuma nisanta shi daga katangar ƙasa da ɗakin azara saboda gara. Idan da fili, a haƙa biyu a jere, domin juya taki daga wannan rami zuwa wancan ya fi sauƙi a kan juya shi a inda yake. Wanda gidansa siminti ne ko yake zaman haya yana iya amfani da tsohon duro da aka huhhuje gefensa da ƙasansa, a ɗora shi a kan bulo.

Ƙananan halittun da suke ruɓar da shara suna buƙatar abu huɗu: busasshen abu, ɗanyen abu, danshi da iska. Busasshen abu shi ne ganyen da ya zubo daga darbejiya ko mangwaro, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa, yankakken kara, garin katako da yagaggen kwali marar leda, kuma waɗannan su ne masu yawan sinadarin kabon. Ɗanyen abu shi ne abin da ke cikin bokitin madafi da ɗanyar ciyawa da kashin dabbobi, waɗanda suke ɗauke da naitirojin. Masana suna son kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30, amma ba sai an yi lissafi ba: duk bokiti ɗaya na ɗanye a haɗa shi da bokiti biyu ko uku na busasshe.

A fara shimfiɗa kara ko ƙananan rassa a ƙasan ramin domin iska ta samu hanyar shiga. A zuba busasshen abu mai kaurin taƙi guda, a bi shi da ɗanye kamar rabin haka, sannan kashin awaki ko na shanu ko na kaji, a barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har ramin ya cika ya ɗan yi tozo, sannan a rufe da tsohon buhu ko tabarma ko ciyawa. Gidan da ba ya samun kaya da yawa lokaci ɗaya sai ya riƙa zubawa kullum, amma da sharaɗin duk lokacin da aka juye bokitin madafi a rufe shi nan take da busasshen ganye ko ƙasa. Wannan rufewar ita ce take hana ƙuda da wari, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita.

Game da toka akwai buƙatar taka-tsantsan. Tokar itace tana da amfani ga shuka, amma idan aka jibga ta da yawa a kan ɗanyen kashin dabbobi tana sa naitirojin ya tashi ya bi iska, wato abin da ake wahala dominsa ya tsere. A barbaɗa tafi ɗaya ko biyu a kowane hawa, sauran a adana a buhu a kai gona daban. Tokar da aka ƙona leda ko roba a cikinta kuwa ba ta shiga taki sam. Haka nan nama da kifi da mai da miya mai maiƙo ba su shiga, saboda suna jawo ɓeraye da karnuka, kuma kashin mutum da na kare da na kyanwa ba su shiga saboda ƙwayoyin cututtukan da ƙaramin ramin gida ba zai iya kashewa ba.

Danshi shi ne inda yawancin masu gwadawa a Arewa suke faɗuwa. A damƙi takin a matse shi a hannu. Idan ya dunƙule, tafin hannu ya jiƙe, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, to ya yi daidai. Idan ya wargaje ya zube, yana son ruwa, idan kuma ruwa ya tsiyaya ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. Ba sai an taɓa ruwan sha ba, domin ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi, da ruwan alwala da aka tara a roba, sun wadatar. Ruwan wanki mai garin sabulu da yawa ko mai bilic ne kawai za a kauce wa. Da rani ana iya buƙatar yayyafi sau biyu a mako. Da damina kuwa matsalar takan juya, ramin ya cika da ruwa, saboda haka a tayar da bakinsa da ƙasa a yi masa rumfa, ko a koma tara tsibi a kan tudu har ruwa ya ɗauke.

A soka sanda a tsakiyar ramin a bar ta. Bayan kwana 3 ko 4 a zaro a taɓa: idan ta yi zafi, aiki ya kankama. Takin da aka haɗa da kyau yana kai zafin digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan zafin ne yake kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Idan zafin ya sauka, bayan mako biyu ko uku, a juya da shebur ta yadda na gefe zai koma tsakiya, a ƙara ruwa in ya bushe. Wanda yake juyawa haka yana iya samun taki cikin wata 2 zuwa 3, wanda ya bar shi ba juyawa sai ya jira kusan wata 6.

Hanci yana faɗin abin da yake faruwa a cikin ramin. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga, maganinsa a juya a ƙara busasshen ganye. Irin wannan ruɓewar marar iska ce take faruwa a manyan jujin gari, inda take fitar da iska mai kama wuta da ke ƙara ɗumamar yanayi. Wari mai yaji irin na fitsari alama ce ta kashin kaji ko ɗanyen abu ya yi yawa, shi ma busasshe za a ƙara. Idan kuma ba wari ba zafi, ga tururuwa da gara sun cika wurin, to bushewa ce. Takin da ya nuna yakan yi baƙi-baƙi, ya yi sanyi, ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, kuma ba a iya gane ɓawon da aka zuba in ban da ɓawon ƙwai da ƙwallon mangwaro, waɗanda ake tankaɗewa a mayar cikin sabon rami.

Kada a yi gaggawar zuba wa shuka takin da bai nuna ba, musamman mai kashin kaji, domin yana ƙona saiwa. Wanda ya nuna kuwa, a haɗa kashi ɗaya nasa da kashi biyu na ƙasa a cika buhu ko tsohon bokiti, a shuka alayyahu, yakuwa, rama, tattasai ko kuɓewa a tsakar gida, a kuma zuba a gindin zogale. A gona ya fi amfani idan aka sa shi a ramin shuka maimakon a watsa ko'ina. Ba zan ce zai maye gurbin takin zamani a babbar gonar masara ba, domin sinadaransa ba su kai na buhun NPK ko yuriya ƙarfi ba. Amma yana yin abin da takin zamani ba ya yi, wato yana sa ƙasar jigawa ta riƙe ruwa, kuma takin zamanin da aka sa a kansa ba ya saurin wankewa. Duk manomin da ya ga yadda farashin buhu ya tashi tun daga 2022 ya san darajar hakan.

Ledar da ba ta shigo gida ba

Leda ba ta ruɓewa, farfashewa kawai take yi ta zama ƙanana a cikin ƙasa. Ita ce take toshe magudanan ruwa har ruwan sa'a guda ya shiga ɗakuna, ruwan da ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Mahauta sun san dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki, kuma dabbar da ta cika cikinta da ita takan yi ta ramewa ko da ana ba ta abinci. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, jihar Legas kuma ta hana farar robar nan mai kumfa ta zuba abinci a farkon 2024. Doka tana taimakawa, amma a kasuwanninmu abin da yake rage leda shi ne mai saye ya zo da mazubinsa.

A ajiye jakar cefane ko kwando a bakin ƙofa, ko a ɗaure a jikin babur, domin mantuwa ce take sa a karɓi leda. Yaron da aka aika sayen koko ko waina ko niƙa a ba shi kwano mai murfi. Malmalar tuwo a leda, wadda ta zama ruwan dare a gidaje da wuraren biki, ita ce al'adar da na fi son a bari, domin zafi da maiƙo suna sa sinadaran roba su shiga abinci, kuma kula ko kwanon samira suna riƙe zafin tuwo ba tare da ita ba. Gidan da yake shan fiya wata yana zubar da leda 20 a kowace jaka. Idan da hali a koma babbar gorar da ake sake cikawa, ko a tafasa ruwa a zuba a randa mai murfi. Idan ba hali, a tsiyaye ledojin a tara su a bushe a buhu daban, domin masu narka roba suna sayensu idan suna da tsabta.

A wurin sana'a

Mai sana'a yana da wata dama da gida ba shi da ita: shararsa iri ɗaya ce kuma tana da yawa, saboda haka ta fi saurin samun mai saye. Mai shayi yana tara ɓawon ƙwai da ganyen shayi da gwangwanin madara, kuma in ya ajiye bokiti biyu a ƙarƙashin teburinsa ya gama rabawa. Masu kayan gwari da 'ya'yan itace a kasuwanni irin su 'Yankaba da 'Yan Lemo a Kano suna zubar da ruɓaɓɓen kaya kullum, wanda in aka haɗa shi da ɓuntun da yake jibge a bayan injinan casar shinkafa, ko garin katakon kafintoci, an samu duk abin da ramin taki yake buƙata. A kula kawai kada a haɗa da garin katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, ko na allon da aka manne da gam. Tela ya tara ƙyallayensa a buhu domin masu yin matashi da katifa, mai abinci ya yi yarjejeniya da mai kiwo ya riƙa zuwa ɗaukar ɓawo kowace yamma.

Mai shagon tireda kuwa ya fara da tambaya. Maimakon ya sa sabulu ɗaya a leda ba tare da an nema ba, ya ce wa mai saye, “Hajiya, a sa a leda?” ko “Malam, ka zo da jaka?” Da yawa za su karɓa a hannu. Ya lissafa abin da yake kashewa a kan bandir ɗin leda a wata, zai ga ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kwalayen da kaya suka zo a ciki su zama mazubin masu sayen kaya da yawa, sauran a ninke a ɗaure a sayar. Ga masu aiki a ofis ko shagon buga takardu, takardar da aka buga fuska ɗaya a yanka ta a yi littafin rubutu, kuma kada a jiƙa ta ko a haɗa ta da ragowar abinci, domin jiƙaƙƙiyar takarda ba ta da kasuwa.

Abin da ba a ƙonawa

Ƙona shara da yamma a ƙofar gida yana kama da tsabta, amma hayaƙin roba, musamman irin ta bututun ruwa da rigar wayar lantarki, yana ɗauke da guba mai zama a jiki, kuma yara da tsofaffi da masu asma ne suke fara shan wahalarsa. Gidan da ya raba shararsa zai ga abin da ya rage bai kai a kunna masa wuta ba, ana iya ɗaure shi a ajiye har masu kwasa su zo, ko a kai shi matattarar da hukuma ta ware. A Kano ranar tsabtar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata lokaci ne mai kyau na fitar da shi, tare da yashe kwatar ƙofar gida, amma abin da aka yaso a kwashe shi a ranar, domin in aka bar shi a bakin kwata ruwan sama na gaba zai mayar da shi inda ya fito.

Yawancin baturan mota, da wasu na sola da na inbata, suna ɗauke da dalma da ruwan asid. Kada a fasa su a gida, kada a zubar da ruwansu a ƙasa, a mayar da su ga dillalin da yake karɓar tsoho a musanya da sabo. Dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, kuma abin da ya faru ya nuna cewa ƙurarta a tsakar gida ta isa ta halaka ƙaramin yaro. Ƙananan baturan rediyo da tocila da ƙwan lantarki mai tsawo su zauna a gwangwaninsu a rufe, a miƙa su daban ga masu kwasar shara tare da gaya musu abin da ke ciki. Allura da reza a sa su a gorar roba mai kauri a ɗaure murfin, saboda hannun yaran da suke tonon bola.

Wanda ba shi da filin haƙa rami, ba shi da wurin ajiye duro, har yanzu yana iya rabawa. Gidaje biyar ko shida a layi ɗaya suna iya neman izinin mai unguwa su yi rami ɗaya a wani kango, su sa matashi ɗaya ya riƙa zagayawa da baro yana karɓar bokitan kowace safiya, ladansa ya fito daga takin da za a sayar wa masu lambu da masu rainon itatuwa. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne da kaka, sa'ad da kara da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa suke a wadace, domin ramin da aka cika a watan Nuwamba zai nuna a daidai lokacin da masu noman rani suke neman taki, wanda aka cika a Fabrairu kuma ya riski shukar damina.